Kafin gwamnati ta rarraba manyan bankuna, kai fara rarraba kuɗinka

Sana'ata riƙe wa 'yan kasuwa lissafi, yawancinsu a Kantin Kwari da Singa, kuma abin da na fi gani shi ne Alhaji ya tattara jarinsa kaf ya zuba a banki ɗaya. In ka yi magana sai ya ce, "Malam, ai wannan ya fi ƙarfin karyewa, gwamnati ba za ta bari ba." Akwai gaskiya a zancen, kuma gaskiyar ce abin tsoro. Adaidaita sahu in ta kife a Titin Katsina, majiya ƙarfi huɗu sun isa su tashe ta. Tirela kuwa in ta kife a nan, har wanda ba shi da kaya a cikinta sai ya kwana a hanya. Shi ƙaton banki ya san haka, shi ya sa yake ganganci da kuɗin mutane: in an ci riba tasa ce, in an faɗi baitulmali ne zai biya.

Amurkawa sun ɗanɗana. Bankin Lehman Brothers ya durƙushe a Satumbar 2008, bayan 'yan makonni majalisarsu ta amince da dala biliyan 700 don ceto sauran. Tun daga lokacin ake ta kiran a datsa manyan bankuna. Datsawar ba wai a raba gini ko ma'aikata ba ce. Ana raba ɓangaren da ke karɓar ajiyar jama'a ne da ɓangaren da ke cacar hannun jari, yadda in ɗaya ya ƙone ba zai ja ɗayan ba. Amurka ta yi irin wannan doka a 1933, ta warware ta a 1999. Ingila ta tilasta wa manyan bankunanta wannan katanga daga 2019.

Mu a nan akalar ta fi karkata ga haɗewa. A 2004 Charles Soludo, gwamnan Babban Bankin Najeriya na lokacin, ya ɗaga mafi ƙarancin jarin banki daga naira biliyan 2 zuwa biliyan 25, bankuna 89 suka koma 25. A wannan guguwar ce Bank of the North, mai hedikwata a nan Kano, ya narke cikin Unity Bank. Ba a je ko'ina ba, a 2009 Sanusi Lamido Sanusi ya sauke shugabannin wasu bankuna, Babban Banki ya zuba kusan naira biliyan 620 don kada su faɗi, aka kafa hukumar AMCON a 2010 ta kwashe ruɓaɓɓun basussuka. A shekarar ce kuma aka hana banki ya zama komai da ruwanka, ga ajiya ga inshora ga dillancin hannun jari. A ganina rabin aiki aka yi, don an bar su su tara rassan a ƙarƙashin uwar kamfani ɗaya. Sai ga 2024 an sake ɗaga jarin, biliyan 500 ga mai hulɗa da ƙasashen waje, biliyan 200 ga na ƙasa. To kar ka zauna jiran ranar datsawa. Abin da ke hannunka shi ne naka kuɗin.

Fara da sanin iyakar inshorar ajiya. Hukumar NDIC, tun 2024, tana lamunce wa kowane mai ajiya naira miliyan 5 a manyan bankunan kasuwanci, miliyan 2 a ƙananan bankunan nan na maikurofainans. A nan mutane suke ruɗewa. Lissafin da kan mutum ake yi a kowane banki, ba da yawan akawun ba. In kana da akawun uku da sunanka a banki ɗaya, haɗa su za a yi, miliyan 5 ɗin dai ita ce. In kuma bankin yana bin ka bashi, sai an cire bashin kafin a ba ka saura. Abin da ya haura iyaka ba ya ɓata a takarda, amma sai an sayar da kadarorin bankin an karɓo basussukansa, sannan a riƙa tsakura maka. Waɗanda suke da ajiya a Heritage Bank, da aka soke lasisinsa ranar 3 ga Yunin 2024, sun ga haka: rabon farko na abin da ya wuce miliyan 5 sai a 2025 ya fito, kwabo 9.2 a kowace naira. Ɗan kasuwar da zai yi odar atamfa kafin azumi, ina zai kai wannan?

Saboda haka ka buɗe akawun a banki na biyu, ko da dubu goma ce a ciki. Da aka rufe Heritage, da lambar BVN aka nemo akawun ɗin mutane a wasu bankuna aka tura musu kuɗinsu ba tare da sun je ko'ina ba. Wanda ba shi da na biyu shi ya sha zirga-zirga da takardu. Ka kuma duba rubutun sunanka. Muhammad a nan, Mohammed a can, Moh'd a katin ɗan ƙasa, wannan ƙaramin abu yana riƙe kuɗin mutum. Ka ware safiya guda ka je a daidaita maka su.

Sannan ka raba kuɗin gwargwadon aikinsa. Na cinikin yau da gobe, wanda alat ke shiga yana fita, ya zauna inda tiransifa ta fi sauri. Jarin da ke jiran lokacin sari ya koma wani bankin, kar ka haɗa shi da katin da yaran shago ke riƙewa. In shagon yana da rajistar kamfani mai cin gashin kansa, akawun ɗin kamfanin daban ake lissafa shi da naka, don haka daina zuba cinikin kanti a akawun ɗin da kake biyan kuɗin makarantar yara. Wanda ke gudun kuɗin ruwa ga bankin Jaiz ga na TAJ, su ma suna cikin inshorar NDIC.

Na'urar POS ɗin da ke kan teburinka, ka tambayi wane irin lasisi kamfaninta yake da shi. Wasunsu ƙaramin banki ne, wato iyakarka miliyan 2. Na sha ganin cinikin mako guda ya taru a ciki har ya ninka haka, mai shi bai ma lura ba. Ka riƙa kwashewa duk yamma kafin a rufe kasuwa.

Wanda jarinsa ya kai miliyan ɗari ba zai buɗe akawun ashirin ba, na sani. Shi sai ya zaɓi bankuna uku ko huɗu da ba su haɗa masu mallaka ba, ya kuma riƙa bibiyar labarin haɗewa, tunda ƙarin jarin nan na 2024 ya tura bankuna neman abokan gami. Ranar da ka ji biyu daga cikin bankunanka za su zama ɗaya, lamuninka na miliyan 10 zai koma miliyan 5. Ka ɗauki BVN da katin ɗan ƙasa ka je ka buɗe wani tun ba a gama sa hannu ba.