Yadda ɗalibin likitanci daga Kebbi ko Zamfara zai nemi rance da tallafin karatu

Karatun likita a Najeriya shekara 6 ne, in ba a yi yajin aiki ba kuma ba a maimaita aji ba. Shekarar farko gidaje da yawa suna iya ɗaukarta: a sayar da buhunan shinkafa ko sa guda, dangi su yi karo-karo saboda murnar yaro ya samu gurbi. Inda gizo ke saƙar shi ne aji uku da aji huɗu, lokacin da murna ta lafa, kuɗin rajista ya ƙaru, ga littattafai, ga kuɗin mota zuwa asibitin koyarwa kullum. Da wuya wuri ɗaya ya ɗauki nauyin shekarun nan duka. Haɗawa ake yi, rance daga nan, tallafi daga can. Kuma da yawa daga cikin waɗanda ake watsar da takardunsu ba don sun kasa a karatu ba ne, takardun ne ba su yi daidai da juna ba. Don haka daga nan za a fara.

Gyara suna da ranar haihuwa kafin komai

Ɗauko takardu huɗu ka shimfiɗa su: sakamakon WAEC ko NECO, takardar JAMB, katin NIN, da bayanan BVN da banki zai buga maka. Duba su harafi bayan harafi. A yankinmu abu ne da aka saba a ga Muhammad a wannan takarda, Mohammed a waccan, Muhammadu a ta uku. Wani a makarantar sakandare an sa masa sunan garinsu, Jega ko Anka ko Gummi, a matsayin sunan ƙarshe, amma da ya je yin NIN ya ba da sunan kakansa. Wata kuma sunan mahaifinta ne a gaba a BVN, nata a baya. Ma'aikacin ofis da ya san al'adarmu zai gane mutum ɗaya ne. Kwamfuta ba ta san wannan ba, tana ganin bambanci sai ta tsaya.

Ranar haihuwa ta fi suna wahalar gyara. Da yawa an rubuta musu 1 ga Janairu a wani wuri saboda ba a san ainihin ranar ba, a wani wurin kuma an sa wata rana daban. Ka ɗauki abin da ke jikin JAMB da sakamakon sakandare a matsayin ma'auni, tunda su suka fi wuyar sauyawa, sannan ka bi sauran. Gyaran NIN na hukumar NIMC ne kuma biya ake yi, na BVN kuma a bankinka ake yi, yawanci da takardar rantsuwa daga kotu. Yana cin makonni. Ba a fafe gora ranar tafiya, ka yi shi tun kafin a buɗe kowane shafin neman tallafi.

Sauran takardun da kusan kowa zai tambaya su ne takardar shaidar zama ɗan asalin ƙaramar hukuma, wadda ake karɓa a sakatariyar ƙaramar hukumarku (Kebbi na da 21, Zamfara 14), takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ko takardar rantsuwar shekaru, takardar adimishan ta JAMB da ta jami'a, katin shaidar ɗalibi, rasiɗin rajista na bana, da hoton fasfo mai farin bango. A ɗauki hoton kowace a sarari, a ajiye a imel, a kuma riƙe kwafi a cikin jaka guda. Imel ɗin ya zama naka, kai ka buɗe shi, kai ka san kalmar sirrinsa. Kada ka bari mai kafe ya sa nasa ko lambar wayarsa don sauri, domin duk saƙon gayyatar jarrabawa can zai tafi. Layin wayar da ke haɗe da NIN da BVN ma ka riƙe shi da kyau, in ya daɗe ba a amfani da shi kamfani na sake sayar da shi ga wani.

Abu na ƙarshe a nan: ka tabbata ka karɓi gurbinka ta CAPS, shafin JAMB na ba da gurbin karatu, kuma kwas ɗin da ke jikin takardar JAMB likitanci ne. Wanda ya shiga da wani kwas aka mayar da shi likitanci daga baya sai ya je ofishin JAMB na Birnin Kebbi ko Gusau a daidaita masa.

Rancen NELFUND

NELFUND asusun gwamnatin tarayya ne na ba ɗalibai rancen karatu. Wannan ne mafi sauƙin samu, don ba gasa ake yi ba. Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a dokar rancen ɗalibai da aka sabunta ranar 3 ga Afrilu 2024, aka buɗe shafin nema ranar 24 ga Mayu na shekarar. Dokar farko ta 2023 ta nemi masu tsayawa mutum, ta kuma sa iyaka a kan kuɗin shigar iyaye. Sabuwar ta cire duka biyun. Abin da iyaye suka fi tambaya shi ne riba, to babu kuɗin ruwa a ciki, abin da aka ba ka shi za ka mayar. Rancen na ɗaliban makarantun gwamnati ne, na tarayya da na jihohi. Wanda ke Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, ko Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, ko jami'ar jiha da ke Aliero, ko Ahmadu Bello a Zariya, ko Bayero a Kano, duk ya shiga. Na jami'a mai zaman kanta bai shiga ba.

Ana nema ta nelf.gov.ng, kuma kyauta ne. Za ka zaɓi makarantarka ka sa lambar rajistarka ta ɗalibi, sannan lambar JAMB, sannan NIN. Sai ka buɗe asusu da imel da kalmar sirri, a turo maka saƙon tabbatarwa ka latsa. Bayan ka shiga za ka cike adireshi da lambar waya, ka ɗora takardar adimishan, ka sa BVN da lambar asusun banki. Asusun ya zama da sunanka, kuma a banki na sosai ya fi, ba na yayanka ko na mahaifiyarka ba.

Idan shafin ya ce bai ga bayananka ba, kada ka yi ta maimaitawa kana ƙona data. Ma'anarsa jami'arku ba ta ɗora sunanka ba tukuna, ko ta ɗora da kuskure. Maganin yana ofishin kula da harkokin ɗalibai ko sashen kwamfuta na jami'ar, kuma zuwa da kai ya fi aike. Sababbin ɗalibai sun fi cin karo da wannan, tunda lambar rajista kan yi jinkirin fitowa.

Rancen kashi biyu ne. Kuɗin makaranta ana tura shi kai tsaye asusun jami'a, ba ya biyowa ta hannunka. Kuɗin kashewa kuma Naira 20,000 ne a wata, yana shiga asusunka, kuma zaɓi ne, kana iya cewa ba ka so. Kafin ka tura za ka amince da sharuɗɗa, ciki har da wanda ake kira GSI. Karanta shi, kada ka latsa kawai: izini ne na a ciri kuɗi daga duk wani asusu da ke haɗe da BVN ɗinka idan lokacin biya ya yi ka ƙi. Ba da bayanin ƙarya kuma laifi ne da dokar ta tanadar wa ɗaurin shekara 3.

Biya yana farawa shekara 2 bayan gama hidimar ƙasa, ana cire kashi 10 cikin 100 na albashi, mai sana'ar kansa kuma kashi 10 na ribarsa. Yi lissafin likita: shekara 6 a jami'a, 1 ta sanin makamar aiki a asibiti, 1 ta hidimar ƙasa, 2 na sarari. Wanda ya karɓa a aji ɗaya sai bayan shekara 10 zai fara biya, ba tare da an ƙara ko kwabo ba. A ganinmu, kuɗin makarantar babu dalilin ƙin karɓarsa. Kuɗin kashewar ne ke son tunani: wata 10 kawai Naira 200,000 ne, a shekara 6 ya kai miliyan 1 da dubu 200. Wanda yake zaune a gidan iyayensa a Birnin Kebbi yana iya haƙura da shi. Wanda ya taso daga Zuru ko Shinkafi ya kama ɗaki a Sakkwato, ya karɓa.

Abubuwa biyu suna yawan tayar da hankali. Na farko, kowace shekarar karatu sai an sake nema, ba ya sabunta kansa. Na biyu, jami'a kan sa wa'adin rufe rajista kafin kuɗin ya iso, sai iyaye su ranto su biya, daga baya rancen ya shiga asusun makaranta. A nan jami'a ce za ta mayar maka da kuɗinka. Ka ajiye rasiɗin Remita da lambar RRR, ka rubuta wa ofishin ma'ajin jami'a takarda, ka sa a buga hatimin karɓa a kwafinka.

Tallafin jiha

Kebbi da Zamfara kowace na da hukumar ba da tallafin karatu, a Birnin Kebbi da Gusau. Na 'yan asalin jiha ne, kuma a nan takardar ƙaramar hukuma ke aiki. Sanarwa kan fito ta rediyo da kuma ƙungiyoyin ɗaliban jihar a jami'o'i, don haka ka yi rajista da ƙungiyarku tun makon farko, su ke fara jin ranar tantancewa. Ranar kuma ka je da kanka da takardu na asali. Kada ka ɗora kasafinka a kan ranar da kuɗin zai fito, yana iya wuce zango guda.

Akwai wata ƙofa da ba kowa ya sani ba. Saboda ƙarancin likitoci, jihohin Arewa da dama kan ɗauki ɗaliban da suka shiga ajin asibiti su riƙa ba su alawus, bisa yarjejeniyar za su yi wa jiha aiki bayan sun gama. Da ka ci jarrabawar ƙwararru ta farko, wadda ke zuwa bayan darussan sassan jiki, aikin gaɓoɓi da sinadaran jiki, ka je Ma'aikatar Lafiya ta jiharku da sakamakon ka tambaya. In an miƙo takardar yarjejeniya ka duba abu uku: shekara nawa za ka yi wa jiha, nawa za ka biya idan ka fasa, kuma za a sake ka ka tafi karatun ƙwarewa a tsakani ko sai ka gama. Na ukun nan ne ke zama ƙarfen ƙafa daga baya.

Maraya ko ɗan gidan da ba hali a Zamfara yana iya kai kukansa Hukumar Zakka da Waƙafi, da takarda daga hakimi ko limamin unguwa. Haka 'yan majalisa da masu hannu da shuni na garinku. Takarda shafi ɗaya ta isa, da rasiɗin abin da jami'a ke nema, ka kuma roƙi a biya makarantar kai tsaye. Masu bayarwa sun fi sakin jiki da haka.

Na gasa: tarayya da kamfanoni

Hukumar tallafin karatu ta tarayya, ƙarƙashin Ma'aikatar Ilimi, tana ba ɗaliban jami'o'in gwamnati da suka kai aji biyu zuwa sama, bayan jarrabawar kwamfuta, kuma sharaɗin da aka saba shi ne maki 4.0 cikin 5. Kamfanonin mai da iskar gas irin su NLNG, Seplat da TotalEnergies su ma suna da nasu, kuma ba na 'yan yankin Neja Delta kaɗai ba ne, akwai rukunin ƙasa baki ɗaya. Yawancinsu 'yan aji ɗaya da biyu suke ɗauka. Tallafin PTDF kuwa, asusun bunƙasa fasahar man fetur, na fannonin man fetur ne, kada ka ɓata lokacinka.

Ga abin lura ga ɗalibin likita: bayan aji ɗaya, makarantu da yawa ba sa lissafin maki irin na sauran kwasa-kwasai, an ci ko an faɗi kawai ake rubutawa. Ke nan makin aji ɗaya shi ne jarinka, kuma ƙofar tana rufewa da wuri. Wanda ya jira sai aji huɗu da aljihu ya bushe zai tarar ya wuce layi. In an nemi maki alhali babu, ka karɓi wasiƙa daga ofishin shugaban kwalejin da ke bayyana tsarinku. Jarrabawar masu ba da tallafin lissafi ne da Turanci da saurin tunani, da agogo a kanka, sai ka nemi tsofaffin tambayoyi ka gwada. Da yawansu ba sa yarda ka haɗa da wani tallafin, ka faɗi gaskiyar abin da kake karɓa. Duk wanda ya ce ka turo kuɗin fom ko na "gyara suna" ta WhatsApp, ɗan damfara ne.

Ƙasar waje

Gwamnatin tarayya ta dakatar da tsarin BEA na tura ɗalibai ƙasashe irin su Rasha da Maroko a 2025. Tallafin gwamnatin Turkiyya yana nan, ana buɗe shi daga 10 ga Janairu zuwa 20 ga Fabrairu. Likitanci yana buƙatar sakamakon kashi 90 cikin 100, shekaru ƙasa da 21, da shekara guda ta koyon Turkanci. Idan jiha ce za ta tura ka, ka tambayi shekara nawa aka biya wa makarantar a gaba. An ga ɗaliban Zamfara sun shiga ƙunci a Arewacin Sayifurus saboda kuɗin makaranta ya tsaya, an ga yadda yaƙin Yukiren a 2022 da na Sudan a 2023 suka katse karatun ɗaruruwa. Duk wanda ya karanta a waje kuma sai ya ci jarrabawar hukumar likitoci ta MDCN kafin a ba shi lasisi, don haka ka duba ko hukumar ta amince da makarantar kafin a yanki tikiti. Ko a gida ma ka duba jerin makarantun da hukumar ta amince da su, musamman sababbin kwalejoji, domin kowace da adadin ɗaliban da aka yarda ta ɗauka.

Idan ka faɗi jarrabawa aka ce ka maimaita aji, ka sanar da mai ba ka tallafi a rubuce kafin ya gani a sakamako, yawancin na gasa suna tsayawa a nan. Idan kuma aka mayar da kai wani kwas, ka sa jami'a da JAMB su gyara bayananka kafin ka sake neman rance. Bashin shekarun da ka riga ka karɓa yana nan a kanka.