Yadda ake ɗaukaka ƙara kan hukuncin miyagun ƙwayoyi a Kaduna

Ranar da Babbar Kotun Tarayya ta Kaduna ta yanke wa ɗanku hukunci a shari'ar da hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi (NDLEA) ta shigar, ku rubuta kwanan watan a bayan kalanda tun kafin a gama koke-koke. Kwana 90 doka ta ba ku ku ɗaukaka ƙara. Idan suka wuce, sai an nemi ƙarin lokaci tare da hujja, kuma kotu na iya ƙi.

Farko, ku je wurin magatakardan kotun ku nemi kwafin hukuncin mai hatimi da bayanan zaman shari'ar. A nan ɗin ne kuma ake shigar da takardar ɗaukaka ƙara, daga baya a miƙa fayil zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara reshen Kaduna. Wanda ba shi da kuɗin lauya ya nemi ofishin Legal Aid Council, hukumar gwamnati mai ba marasa hali lauya kyauta.

Sai ku zauna da lauya ku ƙirga kwanaki, domin nan ne iyalai suka fi sakaci. Yaushe aka kama shi? Yaushe aka fara kai shi gaban alƙali? Sashe na 35 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce a kai mutum kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 kuma ta taƙaita wa kowane ɓangare ɗage zama zuwa sau biyar. Gaskiyar magana, jinkiri shi kaɗai da wuya ya rushe hukunci. Amma sashe na 416 na wannan dokar ya wajabta a lissafa zaman jiran shari'a cikin wa'adin ɗauri. Yaron da ya yi wata goma sha takwas a gidan gyaran hali, uwa tana kai masa garin kwaki da ƙuli-ƙuli duk Asabar, bai kamata a fara ƙirga masa daga ranar hukunci ba.

Daga nan a duba nauyin hukuncin. Sashe na 416 ɗin ya hana ɗora mafi tsananin hukunci kan mai laifin farko. Ko da ya amsa laifinsa da bakinsa, yana da damar ƙalubalantar tsawon ɗaurin.

Ku riƙe kowace rasit da kowace takarda mai tambarin kotu a leda ɗaya, a hannun mutum ɗaya. Duk wanda ya tare ku a bakin kotu ya ce zai "gyara" maganar, ku nemi ya nuna muku lambar ƙarar da aka shigar.