Auren zobe a Legas: abin da doka ta ɗora wa fasto da abin da ma'aurata za su shirya

Ranar ɗaurin aure fasto aiki biyu yake riƙe da su. Ɗaya na ikkilisiya ne: wa'azi, addu'a da alkawari a gaban Allah. Ɗayan na hukuma ne, domin dokar ƙasa ta amince masa ya ƙulla auren da kotu za ta karɓa. 'Yan'uwanmu da suka taso daga Kudancin Kaduna, Filato, Gombe ko Adamawa suka zauna a Agege, Mile 12, Idi-Araba ko barikin Ojo da na Ikeja sun san na farko sarai. Na biyun ne ke kuɓuce wa da yawa, kuma ba a gane an yi sake sai ranar da mace ta je neman haƙƙin mijinta da ya rasu aka ce takardar hannunta ba ta hukuma ba ce.

Wannan amana ta daɗe a hannun malaman coci. Tun zuwan 'yan mishan Badagry a 1842, su ne masu buɗe makarantu da rubuta sunayen waɗanda aka yi wa baftisma, aka aurar ko aka binne. Rabaran T. B. Macaulay ne ya kafa makarantar sakandaren CMS, ƙungiyar mishan ta Angilika, a Legas a 1859. Da gwamnatin mulkin mallaka ta yi dokar aure a 1884, sai ta jingina da su, kuma dokar 1914 da ake aiki da ita har yau ta bar musu wannan matsayi.

Kafin a sa rana, a tambayi Baba Fasto kai tsaye: ginin nan yana da lasin ɗaura aure? Ba rashin kunya ba ne. Doka ta ce a ɗaura aure a wurin sujada mai lasin, kuma malamin da ɗarikar ta amince da shi ne zai ɗaura. Lasin na gini ne, ba ya bin fasto duk inda ya je. Ƙananan rassa da ke sujada a ajin makaranta ko ɗakin haya galibi ba su da shi, don haka sai a kai ɗaurin auren uwar majami'a, a dawo a yi liyafa inda ake so. Haka zancen yake ga zauren biki ko bakin teku a Lekki: in ba a samo izini na musamman daga hukuma ba, abin da aka yi can addu'ar albarka ce kawai.

Daga nan sai ofishin rajistar aure. Akwai na gwamnatin tarayya a Ikoyi, akwai na ƙananan hukumomi, an kuma sha shari'a a kan iyakar ikon kowannensu. Abin da ya fi sauƙi shi ne a je ofishin da majami'ar ke karɓo littafin satifiket daga gare shi. Ɗaya daga cikin masu auren zai cike takardar sanarwa, a liƙa ta a allon ofishin. Sai kwana 21 sun cika sannan magatakarda zai ba da takardar izini, bayan an yi rantsuwa a kan abu huɗu: ɗayansu ya zauna a yankin aƙalla kwana 15, kowa ya kai shekara 21 ko yana da yardar iyaye a rubuce, babu dangantakar da ta hana aure, kuma babu wanda ke da auren gargajiya da wani daban. A cikin kwanakin nan duk mai hujja yana iya shigar da ƙin yarda, kuma in ya shigar, komai zai tsaya sai babbar kotu ta duba.

Lissafin kwanakin nan ne ke kayar da mutane. Sanarwa wata 3 kawai take aiki. Wanda ya ba da ita ranar 1 ga Maris ba zai sami izini kafin 22 ga Maris ba, in kuma aka shiga Yuni ba a ɗaura ba, ta mutu, sai a sake daga farko. Gaggawa ba ta yi, ɗokin ba da ita da wuri ma bai yi ba. Mako 6 zuwa 8 kafin rana shi ne daidai. In an ɗaga biki saboda rasuwa ko kuɗi, a koma a duba ranar da ke kan sanarwar.

Masu zuwa gida aure a Disamba su lura da wannan: ana ba da sanarwa ne a yankin da za a ɗaura auren. Mazaunin Agege da zai yi aure a Kagoro ko Billiri, can zai ba da ita, kuma sharaɗin kwana 15 na can ne. In amarya a gida take, ita ta cika sharaɗin.

Ikkilisiya na da nata sharuɗɗan. Za a nemi takardar baftisma, da wasiƙa daga majami'ar gida ga wanda bai daɗe da zuwa Legas ba. Dattawa za su tabbatar iyaye sun yarda kuma an kammala maganar sadaki. A ɗarikoki irin su Angilika da Katolika ana shelar aure Lahadi uku. Akwai koyarwar aure, akwai gwajin jini. Muna roƙon fastoci su sa gwajin nan a farkon magana, kada a bar shi sai an ɗinka anko. In namiji da mace duka AS ne, wato suna ɗauke da ƙwayar gadon sikila, kowane ciki yana da kashi 1 cikin 4 na zuwa da sikila, kuma faɗa musu haka mako biyu kafin biki zalunci ne.

Ranar aure doka ta yanka lokaci: daga ƙarfe 8 na safe zuwa 6 na yamma, ƙofa a buɗe, da shaidu aƙalla 2 ban da mai ɗaurawa. Da cunkoson Legas, a sa sujada da hantsi. Fasto ba shi da ikon farawa sai takardar izinin magatakarda ta shiga hannunsa, kuma "za mu kawo ranar Litinin" ba amsa ba ce, ko da ɗan dattijon ikkilisiya ne ango. Bayan alkawari zai cike satifiket kwafi biyu daga littafin hukuma, shi da ma'aurata da shaidu su sa hannu. Ɗaya ya ba ma'aurata, ɗayan ya aika wa magatakarda cikin kwana 7. Sakataren majami'a ya riƙe wannan aiki da gaske, domin kwafin da ke ofis ne ake nema in na gida ya ɓata ko ambaliya ta cinye shi. A karanta sunaye harafi-harafi kafin sa hannu, su dace da na katin ɗan ƙasa. Iliya a takarda ɗaya, Elijah a wata, yana jawo wahala a wajen fansho da biza.

Dole fasto ya bayyana wa mutane nauyin abin da suke shiga. Auren doka na mace ɗaya ne, kuma wanda ya ƙara aure na gargajiya a kansa yana iya fuskantar ɗaurin shekara 5. Dattawan dangi ba sa raba shi, mayar da sadaki ma ba ya kashe shi, sai babbar kotu, bisa dokar shari'ar aure ta 1970. In kuwa ango da amarya duka sun san gini ba shi da lasin, ko babu takardar izini, suka yarda aka ɗaura haka, auren bai ƙullu ba a idon doka.

Waɗanda suka riga suka yi auren gargajiya da addu'ar albarka kaɗai, hanya ba ta toshe musu ba. Doka ta yarda su ƙulla na hukuma da juna ko bayan shekaru ne. Su ba da sanarwa, su jira kwana 21, sannan su ɗaura a majami'a mai lasin, ko a ofishin rajista tsakanin ƙarfe 10 na safe da 4 na yamma, da shaidu biyu.