Ga masu ciyawa a ƙofar gida a arewacin Amurka

'Yan uwa, salamu alaikum. Wani ɗan uwa a jihar Ohayo ya turo hoton ciyawarsa da ta koma ruwan ƙasa a watan Yuli, yana tambaya ko ta mutu ne. Yawanci ba ta mutu ba, barci take yi. Ciyawar wannan yanki ta fi son sanyi-sanyi, tsakanin digiri 15 zuwa 24 a ma'aunin Selsiyas, don haka da zafi ya tsananta sai ta lafa.

Fara da gane irin taka. Tsinko ganye ɗaya ka duba bakinsa. In ya lanƙwashe kamar hancin kwale-kwale, bulugiras ɗin Kentaki ce, kuma tana yaɗo ta ƙarƙashin ƙasa ta cike gurbi da kanta. In ganyen faffaɗa ne, gefensa na kaushi a yatsa, tana fitowa tsumbu-tsumbu, to doguwar feskiyu ce. Ita ba ta cike rami, sai ka ƙara iri.

Kuskuren da na yi shekarar farko shi ne aske ta ƙwal kamar kan jariri ran suna. Cikin mako biyu ta ƙone. Bar ta inci 3 zuwa 4, kuma kada ka yanke fiye da kashi ɗaya cikin uku na tsawonta a aski guda.

Ruwa kuwa, kamar inci 1 a mako ya wadatar, da sassafe, ba da dare ba, don damshin dare na jawo mata cuta. Iri da taki ka jira Satumba.