Babi na Shida: Wa Ke Yin Doka, Wa Ke Aiki da Ita, Wa Ke Yanke Hukunci

Darasi na 1: Gidaje uku

Iyaye da 'yan'uwa, kowa ya buɗe littafin rubutunsa a shafi fari. A ja layi biyu daga sama zuwa ƙasa. Shafin ya kasu gida uku ke nan. Ko layin ya karkace ba komai, a ci gaba.

Kundin tsarin mulki shi ne babbar dokar da sauran dokoki ke bi. Wanda za mu koya da shi shi ne na Jamhuriya ta 7, da 'yan Nijar suka kaɗa wa ƙuri'a ranar 31 ga Oktoba 2010. Sojojin da suka karɓi mulki ranar 26 ga Yuli 2023 sun dakatar da shi, amma a cikinsa rabon iko ya fi fitowa fili ga mai koyo.

Gida na farko, rubuta: YIN DOKA. A tsarin kundin, aikin majalisar dokoki ne a Yamai. Kundin ya ba depite shekara 5, kujeru kuma sun kai 171 a zaɓen 2016. Su kundin ya ɗora wa amincewa da kasafin kuɗin ƙasa.

Gida na biyu: AIKI DA DOKA. Shugaban ƙasa, firaminista da ministoci. A tsarin kundin, shugaba shekara 5 yake yi, ana iya sake zaɓensa sau ɗaya tak. Doka in ta fito daga majalisa, yana da kwana 15 ya sa mata hannu.

Gida na uku: HUKUNCI. Alƙalai kaɗai.

Darasi na 2: Inda ake yawan tuntuɓe

Yanzu sai a saurara. Gwamnan jihar Maraɗi wane gida zai shiga? Yawancin masu koyo na uku suke sa shi, don sun ga yana da mota da masu gadi. Kuskure ne. Naɗa shi aka yi daga Yamai ya yi aikin gwamnati, saboda haka gida na biyu. Perfe na Madarunfa ko na Tasawa fa? Gida na biyu. Jandarma? Yana kamawa, yana rubuta bayani, ya miƙa mutum ga kotu. Ba ya yanke hukunci. Gida na biyu.

Kafin a rubuta kowane suna, a yi tambaya ɗaya: mutumin nan alƙali ne? In ba alƙali ba ne, kada alƙalami ya taɓa gida na uku. A maimaita da baki. Depite alƙali ne? A'a. Minista alƙali ne? A'a. Komandan jandarma alƙali ne? A'a. Madalla, kuna ƙoƙari, wanda ya ɓata ya goge a hankali.

Sarakunan gargajiya sai an yi lura. Mai gari, sarkin kanto, har Sarkin Katsinan Maraɗi da Sarkin Gobir na Tsibiri, doka ta ba su ikon sulhu a rigimar gado, gona da makamantansu. In an daidaita, a rubuta takardar sulhu kowa ya sa hannu. In ba a daidaita ba, ita ma a rubuta, da ita za a je gaban alƙali. Sulhu daban, hukunci daban.

Duk da wannan, gobe za a sami wanda rigimar iyakar gona za ta kai shi ƙofar ɗan siyasa da zakara a hannu, ya yi wata uku yana zirga-zirga, damina ta wuce. Haba jama'a, an fa faɗa! Mutumin nan alƙali ne? In amsa a'a ce, hukunci ba ya hannunsa. A sake rubuta tambayar sau biyar a ƙasan shafi, kada a ce hannu ya gaji.

Rabon nan ba wasa ba ne. A 2009 kotun tsarin mulki ta ce wa Shugaba Tanja Mamadu zaɓen raba gardama na tazarce ya saɓa wa doka. Ya rushe majalisa, ya rushe kotun, a Fabrairun 2010 sojoji suka kifar da shi.

Darasi na 3: Matakan kotu

Ƙara tana farawa a ƙaramar kotu ko babbar kotun Maraɗi, gwargwadon nauyinta. Wanda bai yarda da hukunci ba ya ɗaukaka ƙara, akwai kotun yin haka a Damagaram. Ranar da aka yanke hukunci, a tambayi magatakardan kotu kwana nawa ake da su, domin in wa'adi ya wuce an rufe ƙofa. Kowace takarda a riƙe kwafinta a cikin leda.

Darasi na 4: Kotun tsarin mulki

A kundin 2010, mambobinta mutum 7 ne, wa'adinsu shekara 6 ba sabuntawa. Aikin da kundin ya ba ta shi ne ta duba ko doka ta dace da kundi, ta kuma tabbatar da sakamakon zaɓe.

Darasi na 5

A karanta gidaje ukun a gida. A zo da littafi ranar Asabar.