Gombawa sababbin zuwa Ingila masu jinyar wani a gida, ku duba bizarku tukuna

Salamu alaikum 'yan uwa. Wannan saboda namu na Gombe ne da ke ta shigowa Ingila, musamman masu mara lafiya a ɗaki, yaro mai sikila, maigida da ɓarin jikinsa ya shanye, ko tsohuwa da ta fara rikicewa. A gida ai jinya ba ta mutum ɗaya ba ce, Goggo ta shimfiɗa tabarma a barandar asibiti, Adda ta kawo kunu a fulas, Hamma ya tafi sayen magani, daga Jekadafari har Pantami ana ta zuwa sannu. Nan kuwa ke ce Goggon ke ce Addar, kuma da asuba ki kama bas zuwa aiki. Da yawanmu ma aikin kula da tsofaffi muke, ki yi wa tsohuwar wani wanka a biya ki, ki dawo ki yi wa naki ba ko sisi.

Hukuma ta san da irinmu, ƙidayar 2021 ta nuna kusan mutum miliyan 5 ne a Ingila da Wales ke jinyar wani ba biya, kuma akwai tanadin da aka yi musu. Masu sauƙin ba sai na ja ba. Ki gaya wa GP ɗinki, wato likitan unguwa da kika yi rajista da shi, su rubuta a fayil cewa ke mai jinya ce, za a miki allurar mura kyauta, in turancin likita na miki nauyi ki nemi tafinta, shi ma ba a biya. A wajen aiki kuma tun 6 ga Afrilu 2024 doka ta ba ma'aikaci hutun sati ɗaya a shekara don jinya, ba albashi dai, amma haƙƙinki ne tun ranar da kika fara aikin.

Inda ake faɗawa rami shi ne kuɗi. Akwai alawus ɗin masu jinya, Carer's Allowance, a Afrilu 2025 an sa shi fam 83.30 a sati ga mai jinyar awa 35 ko fiye. Mutum zai ji wannan a WhatsApp ya buga shi da naira ya ce kai, gobe gobe sai fom. Don Allah ku tsaya! Ki buɗe eVisa ɗinki, wato bizarki ta intanet, ki karanta, in an rubuta ba ki da damar taɓa kuɗin tallafin gwamnati, abin da ake ce wa NRPF, to alawus ɗin nan yana ciki, kuma kusan duk mai bizar aiki ko ta karatu da iyalinsa haka tasu take. Karɓa karya sharaɗin biza ne, ranar sabuntawa ko neman zaman dindindin za ki iya ganin sakamakonsa, kuma "wata ce ta ce min" ba ta fid da kowa. Ko ba wannan ba ma, sai kin yi shekara 2 cikin 3 da suka wuce a ƙasar, shi mara lafiyar sai yana karɓar kuɗin naƙasa irin PIP ko Attendance Allowance, su ma duk cikin haramtattun suke ga mai NRPF, ɗalibi mai karatun awa 21 ko fiye a sati shi ma babu shi. Masu bizar aure ko ta iyali da talauci ya kama suna iya neman a cire musu sharaɗin, amma wannan aikin lauya mai rajista ne, ba na Hamma wane da "ya san kan takardu" ba. Ku da kuka samu zaman dindindin kuma ku kula da albashi, iyakar fam 196 ce a sati a 2025, ki haura da fam ɗaya alawus ɗin satin gaba ɗaya ya tafi, kuma su dawo daga baya su ce ki biya. Turawa 'yan ƙasa da yawa bashin nan ya kama su balle mu. Na Scotland tsarinsu daban ne.

Sai ɗaya ɓangaren, wanda ya fi ba ni haushi. Da mutanenmu sun ji NRPF sai su kulle ƙofa su ce ba su da komai. Ba haka ba ne. Dokar Care Act ta 2014 ta ɗora wa kansil, wato ƙaramar hukumar unguwarku, su zauna da mai jinya su auna halin da take ciki, kyauta, sunansa carer's assessment, kuma ba ya cikin jerin kuɗin da aka hana mu. Ni lokacin da maigidana ya kwanta na kira wani ofishi, matar tana jin kalmar biza ta ce ai ba abin da za su min, ta kashe. Ina tsaye a kicin da kwanon fitsari a hannu, bayana kamar zai tsage saboda ɗaga shi daga gado. Sai wata ma'aikaciyar cibiyar masu jinya ce ta sa na rubuta buƙatar a imel na ambaci sunan dokar, nan fa murya ta canza. Aka zo gida, aka sa ƙarfen dafawa a banɗaki, aka koya min yadda ake juya mutum ba tare da na karya ƙugu ba, aka samu mai zama da shi 'yan awanni ni ma in runtsa. Wani taimakon ana duba samunku a ce ku biya wani abu, ki tambaya tun farko.

Ranar da 'yan kansil suka zo kada ki yi musu irin gaisuwarmu. Suna cewa ya kike ki ce lafiya lau Alhamdulillahi, to lafiya lau ɗin za a rubuta a rufe fayil. Ki faɗi sau nawa kike tashi da dare, yaushe rabonki da cikakken barci, aikin da kika rage. In mace kike so ta yi wa Inna wanka ki faɗa, maganar abincin halal da sallah ma ki faɗa. In yaranki ne ke taya ki ba da magani da canza zanen gado kada ki ɓoye don tsoron za a ƙwace su, akwai tallafi na musamman ga yara masu jinya.

Namu dai ba su da laifi wajen zumunci, na ga wanda ya sauka daga aikin dare ya zarce da tuwo da miyar kuka gidan mara lafiya, Allah ya saka. Amma shawarar takarda ku kai ta ƙungiyoyin ba da shawara irin Citizens Advice ko Carers UK, ko ku binciki cibiyar masu jinya ta garinku ta hanyar ƙungiyar Carers Trust, duk kyauta ne.

Masu cewa bari a ɗauko Inna daga Gombe ta taya jinya, bizar ziyara wata 6 ce, in ita ma ciwo ya kwantar da ita a asibiti kashi 150 cikin 100 na kuɗin aikin ake cajin baƙo, sai a saya mata inshora kafin ta taso. Masu shirin tahowa da mara lafiya kuma ku karɓo rahoton likita da sunayen magungunansa a rubuce tun daga gida, GP zai tambaya.