Yadda masallatai, majami'u da ƙungiyoyin unguwa za su titsiye 'yan takara kafin zaɓe

Ɗan takara ba ya jin tsoron taron da za a miƙa masa makirufo a ce ya yi jawabi, domin sana'arsa ke nan. Abin da ke sa shi gumi shi ne tambaya guda, wadda amsarta eh ko a'a ce, a gaban masu ƙuri'a da ya ga yawansu da idonsa. Duk shirin da za ku yi, a kan wannan tambayar zai tsaya.

Ku fara da sauraro, wata uku zuwa huɗu kafin ranar zaɓe. Kowane masallaci, majami'a ko ƙungiya ta shirya ƙananan zama na mutum takwas zuwa goma sha biyu, na sa'a ɗaya, a tambayi kowa abin da ya fi damun gidansa. A sa mutum ɗaya yana rubutawa. Shugabanni kan so tsallake wannan mataki don suna ganin sun riga sun san matsalar jama'arsu, kuma daga nan taro ke fara mutuwa: mutane ba sa fitowa don buƙatar da ba daga bakinsu ta fito ba.

Sai aikin da ya fi wuya, wato sassaƙe koke ya zama buƙata. "Talauci ya yi yawa" koke ne, kuma babu ɗan siyasar da zai ƙi amincewa da shi, don bai ɗaura masa komai a wuya ba. Buƙata tana da abin da za a yi, da wanda zai yi, da wa'adi. Misali: "Idan ka ci zaɓe, za ka sa kuɗin ɗaukar ma'aikatan jinya biyu na asibitin unguwa a kasafin shekararka ta farko?" Ku kuma bincika ko kujerar da yake nema tana da ikon yin abin. Idan kuka nemi ɗan majalisa ya yi aikin ɓangaren zartarwa, kun buɗe masa ƙofar tsira da hannunku. Kada buƙatun su wuce huɗu. Haka nan a ajiye duk abin da addinan da ke cikin haɗakar suka saɓa a kansa, a tsaya kan albashi, muhalli, lafiya, makaranta da makamantansu, inda ciwon kowa ɗaya ne.

Wannan salo ba sabo ba ne. Ya samo asali daga Industrial Areas Foundation, ƙungiyar haɗa kan al'umma da Saul Alinsky ya kafa a Chicago a 1940. A birnin Baltimore na Amurka, haɗakar majami'u mai suna BUILD ta matsa har aka yi dokar albashin da zai riƙe ma'aikaci a 1994. A Ingila kuwa, haɗakar ƙungiyoyin al'umma mai suna Citizens UK ta tara mutum kusan 2,500 a Landan kwana uku kafin zaɓen 2010, shugabannin manyan jam'iyyu uku na lokacin, David Cameron da Nick Clegg da Gordon Brown, duk suka zo suka fuskanci buƙatunta.

Ku aika wa duk masu neman kujerar takardar gayyata iri ɗaya, a rana ɗaya, da buƙatun a rubuce, aƙalla mako biyu kafin taro. Ba kwanton ɓauna ake yi ba. Wanda aka shammata zai ce sai ya yi nazari, kuma yana da gaskiya. Ya fi kyau ma wakilai uku ko huɗu su zauna da kowane ɗan takara tun kafin ranar, su bayyana masa ƙa'idar taron. Wanda ya ƙi zuwa, a bar kujerarsa da sunansa a jiki, kada a karɓi wakili a madadinsa, domin alƙawarin wakili ba ya ɗaure kowa.

Kafin ku kama wuri, ku duba dokar ƙasarku. A Amurka, tun 1954 aka hana ƙungiyoyin da aka ɗauke wa haraji, har da wuraren ibada, goya wa ɗan takara baya, kuma dokar zaɓe ta 2022 a Najeriya ta hana amfani da wurin ibada wajen yaƙin neman zaɓe. Zauren makaranta ko ɗakin taro ya fi kwanciyar hankali. Kuɗin haya da na lasifika ku haɗa da kanku. Ranar da ɗan takara ya biya kuɗin kujeru, taron ya zama nasa.

Yawan mahalarta ba da sanarwa ake samunsa ba. Kowace ƙungiya ta faɗi adadin da za ta kawo, da sunaye, a kuma bi su da waya saura kwana biyu. Ku ɗauka cewa wasu ba za su zo ba, ku zaɓi ɗakin da zai cika maƙil. Mutum 200 a ɗakin 180 sun fi 400 a ɗakin dubu kwarjini.

Taron kansa kada ya wuce minti 90. Shugabanni biyu ne za su ja shi, daga addinai ko ɓangarori daban. Da farko wakilin kowace ƙungiya ya miƙe ya faɗi sunanta da yawan mutanen da ta kawo, 'yan takara na ji. Ga kowace buƙata, mutum ɗaya da abin ya shafa ya ba da shaida ta minti biyu, bayan an yi gwaji da shi tun ana gobe taro. Sannan mai tambaya ya karanta buƙatar, a ba ɗan takara minti ɗaya ko biyu, mai kula da lokaci yana ɗaga kati. Idan ya shiga kwana-kwana, mai tambaya ya ce cikin ladabi: "Ranka ya daɗe, mun ji. Eh ne ko a'a?" Sau biyu ya isa. Idan bai amsa ba, a rubuta a'a a babban allon da kowa ke gani. Mai tambaya ya zama mutum mai sanyin rai wanda ba ya jin nauyin manya, kuma ba ya neman komai a wurin kowa cikinsu. Ba a buɗe fili ga kowa ya yi tambaya, don ta nan 'yan koren jam'iyya ke ƙwace taro. Ihu ma a hana, ko na yabo ko na tsiya.

Tambaya ta ƙarshe ga kowannensu ita ce ko zai zauna da haɗakar cikin kwana 100 da rantsar da shi. A ɗauki bidiyo, a buga amsoshin yadda suke a raba wa mambobi, ba tare da cewa a zaɓi wane ba.

Bayan zaɓen 2010, gwamnatin haɗin gwiwa ta Birtaniya ta rubuta alƙawarin daina tsare yara saboda dokar shige da fice, ɗaya daga cikin buƙatun Citizens UK, amma sai da aka ci gaba da bibiya, kuma ba a daina baki ɗaya nan take ba. Saboda haka tun kafin a watse daga zaure, a naɗa mutum biyu ga kowace buƙata, waɗanda za su nemi ranar zama da wanda ya ci cikin makon da aka bayyana sakamako, su riƙa duba kasafin kuɗi, su kawo rahoto duk bayan wata uku.